Tagulla a Bakin Bature: Yadda Za Ka Gane Karin Maganar Turanci Masu Kalmar "Brass"

Duk mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya sha cin karo da "top brass", musamman ranar da shugaban ƙasa ya kira hafsoshin tsaro fadarsa. Mai kallon finafinan Amurka kuma zai ji ɗan kasuwa ya gyara zama ya ce "let's get down to brass tacks". In ka buɗe ƙamus zai ce maka "brass" tagulla ce, ya bar ka a nan. To me ya haɗa janar-janar da tagulla, me kuma ya haɗa ta da ciniki?

Karin maganar Turanci masu ɗauke da wannan kalma sun haura goma, kuma haddace su ɗaya bayan ɗaya wahalar da kai ne. Yawancinsu daga halin ƙarfen kansa suka fito. In ka san yadda Bature ke kallon tagulla, rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin shi ne sanin wanda ke faɗar kowace, da inda ake faɗarta, da waɗanda ya kamata ka gane in an faɗa amma kada su fito daga bakinka.

Mataki na farko: fara da sanin ƙarfen

"Brass" haɗi ne na jan ƙarfe da tutiya, wato zinki. Yana da ɗan'uwa mai suna "bronze", wanda ake samu in an haɗa jan ƙarfe da kuza. Mu duka biyun tagulla muke ce musu, shi ya sa ake rikicewa. Lambar tagulla da ake ba wanda ya zo na uku a gasar Olamfik "bronze" ce, ba a taɓa ce mata "brass" ba. Turawan da ma ba su cika rarrabewa ba: a tsohon Turanci duk abin da aka haɗa da jan ƙarfe "brass" ne. Har yau ma ruɗanin bai ƙare ba, domin kayan tarihin Masarautar Binin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, waɗanda duniya ke kira "bronzes", yawancinsu da "brass" aka ƙera su.

Abin da za ka riƙe shi ne halayensa. Yana da ruwan ɗorawa, yana ƙyalli kamar zinariya in an goge shi, amma mai araha ne. Yana da tauri, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Yana da ƙara, shi ya sa da shi ake ƙera ƙahonnin da 'yan badujala ke busawa. Kuma a Ingila ta ƙarni na 18 da na 19 ko'ina ka duba yana nan: mariƙin ƙofa, maɓallin rigar soja, allon suna a ƙofar likita, ƙananan kuɗi. Abin da mutane ke taɓawa kullum shi ke shiga bakinsu.

Mataki na biyu: duba kalmar da ke kusa da ita, ka gane gidan da ta fito

In ka ga "brass" kusa da fuska, wuya, ko kalmar "bold", to maganar rashin kunya ake yi. Hikimar ita ce fuskar Bature takan yi ja in ya ji kunya, ita kuwa fuskar tagulla ba ta canjawa, kome aka faɗa mata. Wannan ma'ana tsohuwa ce ƙwarai, tun zamanin Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, ana cewa mutum yana da "face of brass". Daga nan aka sami "brazen", wadda ake jinginawa ga ƙarya ko sata da aka yi ido na ganin ido. Daga nan kuma "as bold as brass" ta fito, wadda ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 18. In aka ce "he walked in, bold as brass, and sat in the chairman's seat", ana nufin mutumin ya shigo kansa tsaye ya haye kujerar shugaba, ko gezau bai yi ba. A kula: akwai ɗan mamaki a cikin wannan karin magana, wani lokaci har da ɗan burgewa. Ba zagi ne zalla ba.

"Brass neck" kuwa zagi ce kai tsaye. Mutanen Birtaniya ke amfani da ita, kuma ta fi yawa a bakin 'yan Sikotland da arewacin Ingila. 'Yan majalisarsu na son jifan juna da ita. Ministan da ya rusa abu da hannunsa, sannan ya miƙe a zauren majalisa yana zargin 'yan adawa da rusa shi, shi ake ce wa yana da "brass neck". Akwai kuma "brassy", wadda aka fi faɗa wa mace mai ɗaga murya da kwalliyar da ta wuce kima. Kalmar raini ce, kada ka ɗauke ta yabo don ka ji tana da alaƙa da ƙyalli.

In kuma ka ga maganar na tafiya wajen aljihu, to "brass" kuɗi ne. A arewacin Ingila, musamman Yokshaya da Lankashaya, talaka na cewa "brass" yana nufin kuɗi, kamar yadda matasanmu ke da nasu sunayen na kuɗi da ba a rubutawa a takardar banki. Shahararriyar karin maganarsu ita ce "where there's muck, there's brass": inda ƙazanta take, nan kuɗi suke. Ka tuna a da wannan yanki ne na ma'adinan kwal da masaƙun ulu da auduga, garuruwa irin su Bradford da Leeds da Sheffield, inda hayaƙin masana'antu ya baƙanta gine-gine amma masu masana'antun suka kuɗance. Tunanin ya girmi masana'antun ma, domin a tarin karin maganar da John Ray ya buga a 1678 akwai mai cewa taki da kuɗi tare suke tafiya, wato manomin da ba ya ƙyamar taki shi ke cika rumbu. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya laƙaba wa masu tsintar ƙarafa da robobi suna 'yan bola jari ya riga ya faɗi maganar gaba ɗayanta cikin kalma biyu.

Sai dai kuɗin tagulla ba kuɗin kirki ba ne, kuma wannan ne ɗaya ɓangaren. "Not worth a brass farthing" na nufin abu ba shi da wata daraja, "I haven't got a brass farthing" kuma na nufin ba ni da ko sisi. "Farthing" kashi ɗaya ne cikin huɗu na kwabon Ingila, sai ka tara 960 kafin su cika fam guda na tsohon lissafi, kuma an daina karɓarsa daga 1 ga Janairun 1961. Ƙara masa "brass" ƙarin wulaƙanci ne: ga shi ƙarami, ga shi na ƙarfen banza. Turawa na da dalilin raina irin wannan kuɗi. Lokacin da Sarki James na Biyu ke yaƙi a Ayaland a 1689 da 1690, da azurfa ta ƙare masa sai ya sa aka narka tsofaffin igogi da ƙararrawa aka buga kuɗi da su, kuma da aka ci shi da yaƙi waɗanda ke riƙe da kuɗin suka tashi a tutar babu.

Gida na uku shi ne na muƙami. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙananan sojojin Birtaniya sun riƙa kiran manyan hafsoshi "brass hats", saboda adon zare mai ruwan zinariya da ke bakin hulunansu. Akwai shaguɓe a ciki: su na ganin zinariya suka ɗora, kurtu na cewa tagulla ce. Daga baya aka taƙaita zuwa "the brass" da "the top brass", kuma ta fita daga bariki ta shiga kamfanoni, jam'iyyu da hukumomin ƙwallo. A jaridun Najeriya shaguɓen ya kusa gogewa, ana rubuta ta kamar suna ne na girmamawa. A Ingila da Amurka har yanzu da ɗan saura, domin na ƙasa ne ke faɗarta game da na sama. Ba za ka ji janar ya kira kansa haka a taro ba.

Gida na huɗu, na ƙara ko amo, bai da yawa. "The brass" a maganar kiɗa na nufin masu busa ƙahonnin ƙarfe, wannan ba karin magana ba ce. Wadda take karin magana ita ce "sounding brass", daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James na Farko ta 1611, a wasiƙar Bulus ta farko ga Korintiyawa, sura ta 13, inda aka kamanta mai iya magana marar ƙauna da tagulla mai ƙara. Ana faɗarta ga mai yawan surutu da ba ya tsinana kome. A wa'azi da tsofaffin rubuce-rubuce za ka fi ganinta.

Mataki na uku: ware 'yan tawayen, ka haddace su daban

Akwai waɗanda halin ƙarfen ba zai kai ka ga ma'anarsu ba. Su dole sai hadda.

Ta farko kuma mafi amfani ita ce "get down to brass tacks". "Tacks" ƙananan ƙusoshi ne masu faɗin kai, irin waɗanda masu kujeru ke kafe yadi da su. Ma'anar ita ce a bar kewaye-kewaye a zo kan gundarin magana: nawa ne, yaushe, wa zai biya. 'Yar Amurka ce, kuma ta fara bayyana a jaridun jihar Texas a shekarun 1860. A nan akwai tarko ga Bahaushe, domin mu in muka ce ƙusoshi a siyasa, manya muke nufi, kamar ƙusoshin jam'iyya. Ƙusoshin Bature ba su da alaƙa da manya ko kaɗan. Ƙusoshinmu su ne "top brass" ɗinsa, nasa ƙusoshin kuwa su ne ainihin batu.

Ta biyu "the brass ring", ita ma daga Amurka. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, a wuraren wasa akwai lilo mai juyawa da dawakan katako. A gefe akan kafa wani hannu mai sako zobba, wanda ke kan dokin waje ya miƙa hannu ya cafko in ya zo wucewa. Yawancin zobban na baƙin ƙarfe ne, ba su da lada. Wanda ya dace da na tagulla sai a ba shi hawa kyauta. Saboda haka "grab the brass ring" ko "reach for the brass ring" na nufin kai hannu ga babbar dama, ko babban rabo da kowa ke hari. Lura cewa a nan tagulla ce abin so, saɓanin yadda take a wajen kuɗi.

Ta uku "brassed off", ta Birtaniya, wadda ta yaɗu daga bakin sojoji a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'anarta mutum ya ƙosa, abu ya ishe shi. Ba fushi mai zafi ba ne, gajiya ce da ɓacin rai, irin na wanda ya yini a layi aka rufe taga kafin a zo kansa.

Ta huɗu ita ce ta biri. In sanyi ya tsananta a Birtaniya za ka ji an ce "it's brass monkeys out there" ko "brass monkey weather". Wannan gutsure ne na wata doguwar magana mai cewa sanyin ya isa ya cire wa birin tagulla wani sashe na jikinsa da ba a ambata a gaban surukai. Gajeren ba laifi a hira tsakanin abokai. Dogon ka bar musu kayansu.

Akwai tsofaffi biyu da sai a littattafan da. "Part brass rags" ta sojojin ruwan Birtaniya ce: abokai biyu kan haɗa tsummokaran goge tagullar jirgi a jaka ɗaya, in sun ɓata sai kowa ya kwashe nasa, don haka ma'anarta raba gari. "Double in brass" kuma ta 'yan wasan Amurka ce, mai wasa a dandali wanda kuma ke busa ƙaho a ƙungiyar kiɗa, wato mai aiki biyu a wuri ɗaya.

Mataki na huɗu: kada labarin asali ya ruɗe ka

Wannan fage ne da intanet ta cika da tatsuniyoyi, kuma mafi daɗin labari shi ya fi yawo. Za ka karanta cewa "brass monkey" wani faranti ne na tagulla da ake jera harsasan igwa a kansa a jiragen yaƙi, in sanyi ya yi sai farantin ya tsuke harsasan su gangaro. Labari ne mai tsari, amma masana tarihin rundunar ruwan Amurka sun yi watsi da shi: ba a sami wani faranti mai wannan suna a takardun jiragen ba, harsasan a katako mai ramuka ake ajiye su, kuma tsukewar da tagulla ke yi a sanyi ba ta kai ta zubar da kome ba. Bugu da ƙari, a rubuce-rubucen tsakiyar ƙarni na 19 wutsiya da hancin birin ake ambata, wani lokaci ma zafi ne ke narka su, ba sanyi ba.

Haka labarin Brass Crosby. Mutumin gaskiya ne, ya zama magajin garin Landan a 1770. A 1771 ya saki wani mai ɗab'i da aka kama saboda buga muhawarar majalisa, abin da doka ta hana a lokacin, majalisa kuwa ta tura shi kurkukun Hasumiyar Landan. Bayan wannan dambarwa majalisa ta daina hana buga muhawararta. Jarumta ce ta gaske, kuma sunansa ya dace da "bold as brass" kamar an auna. Sai dai "brass" ta riga ta ɗauki ma'anar tsaurin ido tun kafin a haife shi, don haka ba za a ce daga gare shi ma'anar ta samo tushe ba.

Ita kuwa "brass tacks" bayani uku ke takara a kanta: ƙusoshin da masu sayar da yadi ke kafawa a kan kanta don auna tsawo daidai, ƙusoshin kujera da sai an yaye yadi ake isa gare su, da kuma salon 'yan gabashin Landan na musanya kalma da mai amo irin nata, inda "tacks" ke tsayawa a madadin "facts". Na ukun ya fi rauni a ganina, tun da maganar a Texas ta fara fitowa, ba a Landan ba. In kana koyarwa a aji, ka ba ɗalibai labaran a matsayin abin da ake cewa, su taimaka musu wajen tunawa, amma kada ka sa su a jarrabawa a matsayin tarihi.

Mataki na biyar: in za ka mayar da su Hausa, ka zubar da tagullar

Wannan ya shafi masu fassarar labarai da masu fassara finafinai. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da tagulla za ta biyo ka cikin Hausa. "Military top brass" manyan hafsoshin soja ne, na jam'iyya kuma jiga-jigai ko ƙusoshi. "Brass neck" tsaurin ido ne ko rashin ta ido. "Bold as brass" in da raha a cikin maganar, babu abin da ya kai "ƙarfin hali, ɓarawo da sallama". "Let's get down to brass tacks" sai ka ce mu bar kwana-kwana, ko mu zo kan magana. "Brassed off" ya danganta da zafin abin: ya ƙosa, ko abin ya kai masa iya wuya. "Sounding brass" kuwa holoƙo ne, hadarin kaka.

Wadda ta fi zama daram ita ce ta "farthing". Mu ma muna da anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo a kuɗin zamanin Turawa, wanda ya ɓace daga kasuwa tun kafin naira ta zo a 1973 amma ya ƙi fita daga baki. "Ba shi da ko anini" ita ce fassarar, har da ƙamshin tsufan da ke jikin ta Turancin. Ta biri kuma ka ce ana jaura, ko sanyi mai ratsa ƙashi, ka wuce.

Mataki na shida: zaɓi 'yan kaɗan da za ka riƙa faɗa da bakinka

Shawarata ita ce ka gane duka, ka yi amfani da uku. "Top brass" da "get down to brass tacks" ana gane su ko'ina ake jin Turanci, kuma sun shiga taron ofis ba tare da an ɗaga gira ba. "Bold as brass" ta dace da ba da labari. Sauran suna da gari. In ka ce wa Ba'amurke kana "brassed off", zai iya tsayawa yana kallonka. In ka ce wa ɗan Landan "brass ring", zai gane daga finafinai amma ba maganarsa ba ce. "Where there's muck, there's brass" kuwa ko a Ingila da murmushi ake faɗarta, sau da yawa ana kwaikwayon harshen Yokshaya, inda ake gajarta wasalin kalmar, saɓanin mutanen kudu da ke jan sa.

Sai ka kiyaye ginin jimla, domin karin magana ba ta son a taɓa mata ko harafi. "Top brass" jama'a ce, ba mutum ɗaya ba. Ba a cewa "a top brass", ba a cewa "top brasses", ko da yake za ka ga duka biyun a wasu rubuce-rubucen gida. In mutum ɗaya kake nufi, ka ce "a member of the top brass", ko ka kira shi da muƙaminsa. "Tacks" kullum jam'i ce, kuma da "get down to" take tafiya. A kula da rubutu, domin amonta ɗaya da "tax", kuma akwai masu rubuta "brass tax" suna zaton maganar haraji ce. "Brass neck" tana zuwa da "have the", sannan aikin da aka yi: "he had the brass neck to ask for more". "Brassed off" kuma "with" ke bin ta, ko "about".

Akwai ramuka uku da ya kamata ka sani kafin ka fara gwadawa. A Turancin titi na Landan, in aka kira mace "a brass", karuwa ake nufi, don haka kada ka taɓa jingina kalmar ita kaɗai ga mace, ko da kana nufin babbar jami'a ce. "Brassic", wadda matasan Birtaniya ke faɗa in aljihu ya bushe, ta yi kama da 'yar gidan amma ba ita ba ce: daga "boracic lint" ta fito, wani tsohon bandejin ciwo, wanda amonsa ya zo ɗaya da "skint", wato fatara. In kuma ka ga "Brass" da babban harafi a tsakiyar jimla a jaridar Najeriya, duba da kyau kafin ka fassara, domin akwai gari da ƙaramar hukuma mai wannan suna a Jihar Bayelsa, inda ake lodin ɗanyen mai.

A shafukan kasuwanci kuma za ka gamu da "brass plate company". Kamfani ne da ba shi da kome a ƙasar da aka yi masa rajista sai allon suna a ƙofar wani ofishin lauya, ba ma'aikata, ba kaya, galibi don kauce wa haraji ko ɓoye mai dukiyar. In ta zo maka a fassara, ka ce kamfanin da ba shi da kome sai suna.